Kwana Uku a Kaduna, Garin da Ba Shi da Ganuwa

Tun ina ƙarami a Malumfashi na san Kaduna, amma da kunne na santa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wata tsohuwar rediyo mai rigar fata, wadda aka ɗaure murfin batirinta da roba don kada ya faɗo. Idan azumi ya kama, bayan an sha ruwa an yi asham, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zaro eriya, ya yi ta murɗawa a hankali har muryar mai jan baƙi ta fito tar daga gidan rediyon Kaduna. Daga nan ko tari ba mai yi. Da na girma na sha ratsa garin a mota, amma ban taɓa sauke jaka na kwana a cikinsa ba, alhali ƙanin mahaifina yana zaune a can fiye da shekara arba'in.

A azumin da ya wuce Baffa ya aiko mini da saƙo cewa ƙafa ta fara yi masa gardama, in ina son mu ga juna in zo tun yana iya fita. Na nemi hutun kwana uku a wurin aikina a Abuja, na yanki tikitin jirgin ƙasa na safe daga Idu zuwa Rigasa.

Layin dogon nan a 2016 aka buɗe shi, tsawonsa kilomita 186. Tun harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, mutane ba sa hawansa da sakin jiki. Da muka doshi dajin da ke wajen Rijana taragonmu ya yi tsit, na ga leɓɓan wata dattijuwa da ke gefena suna motsi, carbi na zagaya yatsunta. Muna cikin wannan shirun ne wani saurayi a kujerar gaba ya buɗe gorar ruwa ya kafa kai. Dattijon da ke kusa da shi ya dafa shi ya ce, "Yaro, lafiya dai ko?" Ya ce lafiya lau Baba, ai matafiyi ne shi, Allah ya yi masa rangwame. Dattijon ya ce wace irin tafiya ce wannan, kana zaune a kan katifa, sanyin na'ura yana busa ka, awa biyu da 'yan mintoci ka isa?

Kafin ka ce kwabo rabin taragon ya sa baki. Can sai wani malami mai farin rawani, wanda tun Kubwa bai ce uffan ba, ya yi gyaran murya. Ya ce da dattijon, Alhaji, rangwamen da ke cikin suratul Baƙara an rataya shi ne ga tafiyar kanta, ko ta yi wuya ko ta yi daɗi, kuma tazarar da Risala ta ambata ta yin ƙasaru, barid huɗu, wato mil arba'in da takwas, mun ninka ta. Sai ya juya ga saurayin ya tambaye shi, a ina alfijir ya keto maka? Ya ce a gida. Da niyyar azumi ka kwana? Ya ce ƙwarai. Malamin ya ce to a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya wayi gari da azumi a gida sannan ya kama hanya, cika azuminsa zai yi. Ka rama bayan salla, yanzu kuma ka kame bakinka saboda alfarmar watan. Saurayin ya mayar da gorar jaka, ya ce na gode Malam, wallahi ban sani ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Risalar Ibnu Abi Zaid an rubuta ta a Ƙairawan fiye da shekara dubu da suka wuce, lokacin da ake auna tafiya da zangon raƙumi, ga ta yau tana raba gardama a cikin jirgin ƙasa. Kuma ba wanda aka ci wa fuska.

Daga tashar Rigasa na hau Keke Napep zuwa Tudun Wada. Na tarar da Baffa a zaure a kan buzu, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana kallon fuskata. Ya ce, "Kai, goshin Yaya ne sak." Inna, matar Baffa, ta leƙo tana ta sannu da zuwa, tana faɗa da jikoki su karɓi jakar baƙo. Da aka kira magariba aka jere mana dabino da kankana da kunun tsamiya da ƙosai mai zafi.

Wanda ya saba da Katsina ko Zariya ko Kano, abin da zai fara nema a gari shi ne ganuwa da ƙofofinta, da fada, da tsohon masallacin Juma'a a gefen fada. Kaduna ba ta da wannan fasalin. Gwarawa ne mazauna wurin tun asali, sunan kuma daga kadojin kogin ya samo tushe. Turawan mulkin mallaka ne suka zaɓi wurin a zamanin Gwamna Lugga, suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Musulmin garin duk zuwa suka yi: leburorin jirgin ƙasa, sojoji, masinjojin ofis, 'yan koli, mahauta, daga baya ma'aikatan masaƙa. Sunayen unguwanni ma suna faɗa maka haka, ga Unguwar Kanawa, ga Unguwar Shanu, ga titin Kano da titin Katsina da titin Ibadan a tsakiyar gari. Bakano da Babarbare da Banufe da Bayarabe suka haɗu a sahu ɗaya, kowa da irin karatun da ya taso da shi, babu wani gidan malamai mai shekaru ɗaruruwa da dole kowa ya koma gare shi. A ganina wannan ne ya sa kusan duk wani sabon abu da ya shigo harkar addini a Arewa, da ƙungiya da lasifika da rediyo da makarantar Islamiyya mai benci da allon bango, ya sami wurin zama a Kaduna da wuri.

Washegari jikan Baffa, saurayi ɗan shekara goma sha tara, ya goya ni a babur zuwa Gidan Arewa da ke titin Rabah. Nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, nan kuma sojoji suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu a daren 15 ga Janairu 1966. Tun 1970 aka mayar da wurin cibiyar binciken tarihi, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma wanda ya fara shugabantarta Farfesa Abdullahi Smith ne, Baturen Ingila da ya musulunta. Wuri ne mai itatuwa da inuwa, ba ka jin hayaniyar gari.

Na zaga ɗakunan hotuna, amma inda na daɗe shi ne wajen tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Na sunkuya a kan wata takarda da gefenta ya cinye, launinta ya koma kamar ƙasa. Baƙin an yi shi da tawada baƙa, wasulla da ja, a gefe kuma wani almajiri na wancan zamani ya yi ƙananan rubutu a karkace, yana fassara wa kansa kalmomi masu wuya da ajami. Ban san sunansa ba, amma na san irin zaman da ya yi, don na ga mahaifina yana yin irinsa a gefen Ishiriniyarsa. Jikan Baffa ya ɗan tsaya, ya ce shi fa ba ya iya karanta irin wannan rubutun, Alƙur'anin da suka yi karatu da shi bugun Madina ne. Gaskiyarsa. Mu da warash muka taso a makarantar allo, su kuma hafsi suka buɗi ido da shi a Islamiyya.

Sardauna jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, kuma ya so ya ga Musulmin Arewa sun haɗa kai a ƙarƙashin inuwa ɗaya. A zamaninsa aka kafa Jama'atu Nasril Islam a nan Kaduna a 1962, wadda har yau hedikwatarta tana garin, Sarkin Musulmi ne kuma shugabanta. A wannan shekarar aka gina Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, aka sa masa sunan Muhammadu Bello ɗan Shehu. A shekarar dai gidan rediyon Kaduna ya fara aiki, a shekarar kuma Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. Masallacin nan na Sultan Bello muka nufa don sallar azahar.

Da na cire takalmi na taka cikin masallacin sai na ji tsigar jikina ta tashi. Daga nan ne fa Malam Gumi ya shekara da shekaru yana tafsiri, rediyo na kai muryarsa har ƙauyukan da ko fitilar lantarki ba su taɓa gani ba. Bayan rasuwarsa a 1992 karatun bai yanke ba, ɗansa Dakta Ahmad Gumi ma ya daɗe yana yi a wurin. Masallacin cike yake ko da ba lokacin salla ba. Wasu sun jingina da ginshiƙi suna tilawa, wasu sun miƙe suna rage zafin rana. Na ga wani mai gyaran waya, da alamar aikinsa a yatsu, ya buɗe tarjamar Alƙur'ani ta Hausa da Malam Gumi ya yi, yana bin layi da yatsa, ya karanta aya ya koma fassara. Da aka tayar da iƙama na duba sahunmu. Na damana ya yi ƙablu, hannu a ƙirji, na hagu ya saki hannuwansa ya yi sadlu, kafaɗa na gugar kafaɗa. Wanda bai san abin da ya faru a gidajenmu shekaru arba'in da suka wuce ba, ba zai ga wani abin kallo a nan ba.

A daren nan, bayan mun dawo daga asham, Baffa ya sa aka fitar mana da tabarma ƙofar gida, ya kori yara. Shi ya fara ɗauko zancen.

Ya zo Kaduna yana saurayi, ya sami aiki a masaƙa a Kakuri, inda masaƙar farko ta fara aiki tun 1957. Ranar da ba ya aiki sai ya tafi karatun Malam Gumi. Ya ce a nan ya fara jin talaka ya ɗaga hannu ya tambayi malami, mene ne dalili, a kuma buɗe littafi a karanta masa. Da aka kafa Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, yana cikin na farko-farko da suka shiga a unguwarsu. Mahaifina kuwa Batijjane ne, ba ya fashin lazimi da wazifa, tafsirin da yake jira a rediyo na Shehu Ɗahiru Usman Bauchi ne, wanda shi ma a lokacin a Kaduna yake yinsa duk azumi. Wata sallar layya Baffa ya je gida da kaset-kaset a jaka. Aka tayar da salla, yayansa ya shige gaba, shi kuma ya ja gefe ya yi tasa shi kaɗai, a gaban mahaifiyarsu.

"Shekara goma sha ɗaya ba mu gaisa ba," in ji shi. "Ɗana, abin da na karanta ban ce ƙarya ne ba, har gobe ina kan fahimtata. Amma wanda ya koya mini Fatiha, ya goya ni zuwa makarantar allo, shi na ƙi bi salla. Wane littafi ne ya ce in yi haka?" Ya yi shiru, ya share ido da bakin rigarsa. Sun shirya kafin mahaifina ya rasu, amma zumuncin 'ya'ya ya riga ya yi rauni, shi ya sa na kai wannan shekarun ban san ƙofar gidansa ba.

Ni da na tashi a tsakanin muryoyin nan biyu, ba na iya zagin ko ɗaya. Wa'azin da ya fito daga Kaduna ya tura dubban matan aure makaranta, ya rage wa talaka nauyin bidi'o'in biki da na mutuwa da ke cinye ɗan abin hannunsa. Zawiyoyin ɗariƙa kuma su suka riƙe haddar Alƙur'ani da ladabin almajiri ga malami da son Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tun kafin a san lasifika. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne kafirta mai salla, daga kowane ɓangare ya fito, don na ga abin da ya yi wa gidanmu. Abin da ke ba ni tsoro yanzu, faɗan da a da sai an sayi kaset ake ji, yau yana cikin aljihun kowane yaro. A masallacin unguwar da muka yi asham na ƙirga waya biyar a kan sanduna suna watsa tafsiri kai tsaye a Facebook. Alheri ne babba, amma yankakken minti ɗaya daga karatun awa biyu ya isa ya haɗa gari faɗa.

Da sahur na ji Inna tana tilawa a ɗaki, tana yi tana tsayawa tana gyara wa kanta. Ta haura shekara hamsin kafin ta shiga Islamiyyar matan aure, yanzu tana izu na arba'in. Ta ce mini ranar da ta fara haɗa baƙi da kanta kuka ta yi a aji. Na tuna Shehu Usmanu ya yi kakkausan suka a Nurul Albab ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Inna ba ta san wannan tarihin ba sai da na faɗa mata, ta ce ashe gado ne muka karɓa a makare.

Rana ta uku Baffa ya ce tsallaken kogi za mu. Inna ta ce da wannan ƙafar? Ya ce ai saboda ita ne ma zai je yau. Muka ɗauki shatar Keke, ni da shi da jikan nan nasa.

Kogin Kaduna ya raba garin biyu, amma da can bai raba mutane ba. A watan Fabrairu na 2000 rikici ya ɓarke a kan maganar shigo da shari'ar Musulunci jihar, ya sake tashi a watan Mayu, rayukan da suka salwanta sun haura dubu. Gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta fito da tsarin kotunan shari'a ga Musulmi da kotunan gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba. A watan Agusta na 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, da ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, mutum biyu da a da suke gaba da juna, Faston ma a irin wannan faɗa ya rasa hannunsa. Duk da haka a watan Nuwamba na shekarar aka sake zubar da jini. Daga nan kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Musulmi suka tattara zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista suka koma Sabon Tasha da Narayi da Romi. Wasu sayar da gida suka yi da araha, wasu musaya suka yi. Akwai unguwannin da har yau ake cakuɗe, amma ba kamar da ba.

Muka wuce masaƙun Kakuri, yawancinsu a rufe, ciyawa ta cinye harabarsu. Baffa ya bi su da kallo bai ce komai ba. Muka shiga wani lungu, muka tsaya a ƙofar wani gidan haya mai ɗakuna a jere. Wani tsoho ya fito da sanda, ya ƙura ido, sai ya saki sandar. "Malam! Kai ne? Ashe rai kan ga rai!" Suka rungume juna, tsofaffi biyu, kowa na tangaɗi. Mutumin kudancin jihar ne, Kirista, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Shekara goma sha tara suna ɗaki kusa da ɗaki, inji ɗaya suke aiki a kai. A rikicin 2000 shi ya kulle Inna da yara a ɗakinsa kwana biyu, ya zauna a bakin ƙofa yana cewa iyalinsa ne a ciki, har aka sami motar sojoji ta fitar da su.

Matarsa ta fito tana murna, ta juya za ta kawo ruwa, sai ta dafe kai ta ce, "Af, azumi ake. Ku yi haƙuri Malam." Suka zauna suna lissafin abokan aiki, wane ya rasu, wane ya koma ƙauye. Ya tuna wa Baffa yadda naman layya ke shigowa ɗakinsu kafin ya shiga na kowa, Baffa ya tuna masa shinkafar Kirsimeti, da yadda yake kawo masa kaza ya yanka da hannunsa don yaran Malam su iya ci.

La'asar ta yi, ba a jin kiran salla a wurin. Baffa ya duba agogo ya fara waige-waige. Tsohon ya ƙwala wa jikansa kira, "Kawo wa Malam ruwa a buta, ka ɗauko sabuwar tabarmar nan." Sannan ya nuna kusurwar tsakar gidan da bakin sandarsa ya ce, "Ga gabas nan, tana inda ka bar ta."

Muna alwala yaron ya tsaya yana kallonmu baki buɗe, ɗan shekara goma ne ko sha ɗaya, da gani bai taɓa ganin ana yi a kusa ba. Jikan Baffa kuma tun da muka shigo yake a takure a bakin benci. A hanya ya faɗa mini wannan ne karonsa na farko da ya shiga gidan Kirista, shi da aka haifa a Kaduna. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da duk abin da na gani a tafiyar. Tsofaffin nan biyu sun san juna a bakin inji da bakin rijiya, jikokinsu kuwa sai dai labarin da aka ba su. Kafin mu tafi Baffa ya sa manyan yaran gidajen biyu suka karɓi lambar wayar juna a gabansa, ya ce da jikansa, ranar salla kai za ka kawo wa Babanku abinci, ba aike ba.

Mun makara a dawowa. Cunkoso ya riƙe mu a kan gada, rana ta yi ja a kan ruwa, masu wankin mota da masu ɗiban yashi suna ta tattara kaya a bakin kogi. Daga tsallake kiran salla ya fara tasowa, masallaci ɗaya, sai na biyu, sai suka haɗe. Ba mu da ko ƙwayar dabino. Wasu samari suka bi tsakanin motoci da kwali a ka suna miƙa ruwan leda da dabino uku-uku ta taga, ba sa tambayar kowa ko yana azumi. Mai Kekenmu ya karɓa ya miƙo baya. Baffa ya raba dabinon, ya ba ni ɗaya, ya ba jikansa ɗaya, ya ɗaga nasa ya yi bismilla. Sai na ji yana ambaton sunan mahaifina a cikin addu'ar buɗa-baki, a hankali, har motar gabanmu ta motsa.